Inuwa Tafireta da Dawakinsa Biyu

A unguwar Ƙofar Gayan in ka tambayi gidan Malam Inuwa sai a ce maka wanne, don masu sunan sun kai biyar. Ka ce mai fushin nan, nan take a nuna maka ƙofar. Aikinsa buga tafireta a wani ofis a unguwar Kongo, shekara goma sha tara yana yi, har yatsunsa suka saba da duka, ko yana zaune shiru sai ka ga suna ƙwanƙwasa gwiwarsa. Mutum ne mai gaskiya, wannan kam ba a ƙwace masa. Ciwonsa ɗaya ne, gaisuwa. Tun ranar da ya ɗaura agogo ya yanke hukunci cewa gaisuwar mutanen birni ɓata lokaci ce. Ka ce masa ina kwana, ya ce lafiya, kafin ka kai ga ina gajiya ƙeyarsa ta sha kwana. Dattawan unguwa suka zuba masa ido. Ba mantawa suka yi ba, ajiyewa suka yi.

Ba ɗan sarauta ba ne, ba kuma yaron wani basarake ba. Son doki ne kawai Allah ya ɗora masa, yadda yake ɗora wa wasu son tattabaru. A shekarar 1986 turke biyu ne a bayan zaurensa.

A na farko akwai Akawali, baƙi wuluk, ɗan shekara huɗu, wanda ya rena da hannunsa tun yana duƙushi. Inuwan da bai taɓa yi wa ɗan Adam magana mai taushi ba, in ka laɓe ka ji abin da yake faɗa wa dokin nan lokacin ba shi dusa sai kunya ta kama ka. Amma Akawali bai san tsayuwa ba. Inuwa na sa ƙafa ɗaya a likkafa, kafin ɗayar ta tsallaka, doki ya riga ya yi gaba. In kuwa ya ji ƙarar injin niƙan Bala da ke tsakiyar lungu, sai dai mahayi ya riƙe sirdi ya yi salati.

A turke na biyu akwai Gunya, tsohon doki dandaƙaƙƙe, gadon kawunsa Adamu wanzami na wani ƙauye can bayan ganuwa. Shekara goma sha biyu dokin nan na yawo da Adamu gida-gida, shi kuwa marigayin mutum ne da in ya gama gaida kai sai ya tambayi lafiyar akuyarka. Gunya ya haddace aikin. Da ya ji sallama ko sannu sai ya ja birki, ya sunkuyar da kai, ya ɗage ƙafar baya ɗaya yana hutawa. Ba abin da zai ɗaga shi sai ya ji an ce a gaida gida.

Ranar da Inuwa ya fara hawansa, ya fita bayan la'asar da nufin zuwa Ƙofar Galadima. Aka kira magariba bai yi rabin hanya ba. Ya dawo yana huci, ya ce gobe dokin nan zai bar masa gida.

Mahaifiyarsa Hajo ta ce, "Dokin ƙanena ba ya barin gidan nan ina numfashi. In ka gaji da hawansa, zauna kusa da shi ka koyi hali."

Washegari ya je ofis ya buga takarda biyu, kowace da kwafinta, ya zo ya kafa a jikin ginin da ke kan kowane turke. Ta Akawali ta ce: ya tsaya inda aka ce ya tsaya, ya wuce injin Bala ba zabura. Ta Gunya layi ɗaya ce: ya bar gaisuwa. Akuya ta cinye ta Gunya, ya kafa kwafin, ya ɗaga shi sama inda bakinta ba zai kai ba.

Da Gunya ya fara, don a ganinsa shi ne mai sauƙi. Ya ɗaura ƙaimi a dugadugansa. Duk wanda ya ce sannu a hanya, kafin dokin ya tsaya, sai ya soka masa ƙarfe a haƙarƙari. Wata takwas ana haka. Tsohon doki da bai taɓa cizon kowa ba, laifinsa kawai ladabi, aka mai da cikinsa kamar rariya, ƙudaje na bin miki, shi kuwa gogan yana shafa masa man shanu da yamma yana ce masa taurin kai ne ya ja maka. Ƙarshe dai ya ci nasara, in wannan sunanta nasara. Gunya ya koma in ya ji sallama sai ya kwantar da kunne, ya matse wutsiya, ya ƙara sauri. Inuwa ya ɗauko jan biro ya yi wa takardar maki.

Akawali kuwa sai ya saya masa linzami mai kaifi, irin wanda in an ja sai baki ya yi jini. Dokin ya ƙara haukacewa.

Wata Asabar da hantsi, lokacin kaka, Iya Delu mai daddawa ta baza kalwa da barkono a tabarma a ƙofar gidanta, daura da injin Bala. Inuwa ya shigo lungu a kan Akawali, Bala kuwa ya ta da inji. Dokin ya miƙe tsaye, ya dire, ya bi ta kan shanya. Iya Delu, tsohuwa mai shekara saba'in da wani abu, ta kauce ta faɗa kwata, hannunta ya goce. Sai da Inuwa ya kai gindin ganuwa sannan ya iya juyo da dokin. Ya dawo ya tarar an fito da ita, zaninta duk baƙin ruwa. Daga kan sirdi ya ce, "Sannu Iya, tsautsayi ne." Sannan ya duba agogo.

Wannan duban agogon shi ya kai shi zauren Mai unguwa Jumare, ba hannun ba.

Dattawa suka cika zaure, har waɗanda ba su fitowa sai Juma'a. Mai unguwa ya ce, "Malam Inuwa, mun ba ka kwana arba'in. Ranar da suka cika, Bala zai ta da inji, ka biyo lungu a kan baƙin dokin nan, ka tsaya a ƙofar Iya Delu har sai ta sallame ka. In ya tsaya, dokinka ne. In bai tsaya ba, ya kwana a bayan ganuwa, kuma ba ya dawowa."

"Ranka ya daɗe, arba'in ta yi kaɗan."

"Ai kai ba ka son ɓata lokaci. Shi ya sa muka rage maka."

Wani tsoho a lungun zaure ya yi tari, irin tarin da dariya ce aka sa wa riga.

Kwana uku Inuwa na fama da Akawali da bulala da linzami, bai ƙaru da komai ba sai kumburin kafaɗa. A na huɗu ya hau Vespa ya tafi Wusasa wurin Malam Yona, tsohon malamin dabbobi da ya yi ritaya, wanda ya taɓa buga wa takardu a Kongo. Yona ya biyo shi gida. Ya buɗe bakin Akawali ya duba, ya cire linzamin ya jefar kan juji.

"Malam Inuwa, wannan ƙarfen ko kura ba a sa wa. Waɗannan takardun kuma na mene ne? Wanne ne ya iya karatu a cikinsu?"

"Malam Yona, ba wasa ya kawo ni wurinka ba."

"To ji. Ƙaramin doki a wurin babba yake ɗaukar hali. Ka hau tsoho mai natsuwa, ka ja wannan a gefe, inda tsohon ya tsaya dole ya tsaya. Kai ma ka yi sa'a. Wancan ba Gunyan Adamu wanzami ba ne? Na sha yi masa allura. Duk ƙasar nan babu dokin da ya fi shi sanin tsayuwa."

Ya matsa wurin Gunya ya ce, "Sannu da hutawa, tsoho."

Gunya ya zabura, ya fizgi igiya har turke ya girgiza, ya tsaya jiki na ɓari. Yona ya sunkuya ya ga tabon da ke haƙarƙarinsa.

"Wa ya yi masa haka?"

"Horo ne."

"Horo." Yona ya kalli takardar da ke bango mai jan maki. "Malamin da kake nema yana cikin gidanka, ka bi shi da ƙarfe har ya manta karatunsa. Yanzu sai ka mayar masa da abin da ka cire."

"Ta yaya?"

"Ka cire ƙaimi. In an gaishe ka, ka saki linzami, ka amsa. Ba lafiya kawai ba, duka, har ƙarshe, yadda Adamu ke yi. Ka yi ta yi har ya yarda cewa babu ƙarfe a bayan sannu."

Inuwa ya ce da ya yi wannan gara ya yi rantsuwa ya bar hawa. Ya shiga gida ya ƙi cin tuwo. Washegari da la'asar sai ga shi a kan Gunya, ba ƙaimi, fuska kamar an aiko masa da sammaci.

Labari ya riga shi fita. Mutanen da ya shekara goma sha tara yana yanke wa gaisuwa suka fito da tabarmi ƙofar gida. Ina wuni, ina gajiya, ina iyali, ya Hajo, ya ƙafar tata, ya aiki, ya mutanen Kongo, ya tafireta. Yana amsawa ta tsakanin haƙora, yatsunsa na buga gaban sirdi. Gunya kuwa da an ce sannu sai ya yi gaba, Inuwa ya juyo da shi a hankali, a sake daga farko, masu gaisuwa kuma ba su ƙi a sake ba.

A kwana na tara wani tsoho mai saƙar tabarma ya yi masa sallama. Gunya ya tsaya. Fatar cikinsa na rawa daidai inda tabon yake, yana jiran ƙarfe. Inuwa ya ji rawar nan a ƙafafunsa. Ya janye dugadugansa nesa da jikin dokin, ya ce lafiya lau Baba, ina gajiya. Can sai Gunya ya saki numfashi, ya sunkuyar da kai, ya ɗage ƙafar baya. Ranar Inuwa bai yi wa kowa faɗa a gida ba, abin har ya ba Hajo tsoro.

Daga nan ya fara jan Akawali a gefe. Gunya ya tsaya, Akawali ya fizga kamar zai cire masa hannu, ya zagaya, ya yi haniniya, ya haƙa ƙasa. Tsohon ko kallonsa ba ya yi. A gaban injin Bala ma haka, don Gunya ya ɗauki ƙarar inji kamar kukan kaza. Sati uku ana wannan, igiya ta cinye tafin hannun Inuwa har ya koma buga tafireta da yatsa biyu. Sannu a hankali baƙin dokin ya gane ƙa'ida: muddin murya biyu na kai da kawowa, tsayuwa ake yi.

Ranar arba'in lungu ya cika. Bala ya ta da inji, har da ƙara masa wuta, don shi ma yana cikin waɗanda aka yanke wa gaisuwa. Inuwa ya shigo a kan Akawali shi kaɗai. Dokin ya yi rawa, ya yi gefe, amma ya wuce. Iya Delu na zaune kan kujera 'yar tsugunne, hannu a naɗe, tana tsintar tsakuwa a faifan kalwa.

"Salamu alaikum. Iya, ina wuni?"

Akawali ya tsaya. Iya Delu ta ci gaba da tsinta.

Dokin ya ɗaga kai, kunnuwansa suka koma wajen inji, ƙafafunsa suka fara taka ƙasa. Inuwa ya san saura ƙiris. Murya ɗaya ba ta riƙe dokin nan, tsohuwar kuma ta sani, don duk unguwa an sani.

"Iya, ya hannun?"

Ta tsinci wata tsakuwa ta jefar.

"Iya, ranar nan ban kyauta ba. Kamata ya yi in sauka. Ki yafe mini."

Ta ɗago ta dube shi, ta dubi hannunsa na hagu.

"Ƙarfe nawa yanzu, ɗan Hajo?"

"Ban sani ba, Iya. Agogon na aljihu."

"To lafiya lau. Ina gajiya?"

Ta fara. Ta tambayi Hajo, ta tambayi matarsa da 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya da suna, ta tambayi Malam Yona na Wusasa da iyalinsa, ta tambayi Gunya da haƙarƙarinsa, ta sake tambayar haƙarƙarin. Gumi na bin wuyan Inuwa yana amsawa. Akawali ya sunkuyar da kai yana shinshinar tabarma. Sai da Bala ya gama niƙa kwano uku sannan ta ce, "A gaida gida."

Dokin bai bar unguwa ba. Amma kada wani ya ce maka Inuwa ya zama mai fara'a, ƙarya ne. Dawaki biyu ya koma da su masu tsayawa ga kowane sannu, kuma har ya yi ritaya yana cewa mutanen Ƙofar Gayan sun lalata masa doki, ba don su ba da Akawali ya yi suna a sukuwa. Gunya ya mutu a damina ta 1991, gashi bai sake tsirowa a wuraren nan biyu da ƙaimi ya ci ba. Inuwa da kansa ya haƙa ramin, ya hana kowa taɓa fatanya, wanda ya zo yi masa jaje kuma ya sha harara. Da la'asar ya cire agogo ya jefa aljihu, ya hau Akawali yana ƙunƙuni, ya nufi Ƙofar Galadima. Aka kira magariba bai kai ba.