Teɓar Taubashina

Tsufa ya sa na manta abubuwa da yawa, har da waɗanda ya kamata in riƙe, amma abin da ya faru tsakanina da taubashina ba zai fita daga raina ba har ranar da za a kai ni makwancina. Ni tela ne. A Yakasai aka haife ni, a nan na tsufa a kan keken ɗinki, karatuna na boko kuma bai wuce firamare ba. Shi taubashin nawa ɗan wan mahaifiyata ne, mai sayar da takalma a kasuwa, lungu ɗaya ya raba gidajenmu. Da yake ni ne ɗan mace, tun muna yara yake kirana bawansa, ni kuma ba na raga masa ko a gaban surukansa.

Kullum bayan magariba a ƙofar gidansa muke ciyayya. A shimfiɗa tabarma, kowane magidanci a fito masa da kwanonsa, mu haɗa mu ci tare. Shi ne ran wurin. Yana son tuwon shinkafa da miyar taushe, kuma in yana ci sai ka ji kai ma yunwarka ta ƙaru. Amma in faɗi gaskiya tun yanzu, ba ƙato ba ne. Mutum ne mai ɗan jiki, da 'yar teɓa irin wadda yawancin magidanta suke ajiyewa in shekaru sun fara ja. Da ƙafa yake zuwa kasuwa, a ƙasa yake sallarsa, ba ya shan maganin komai.

Ni nake masa ɗinki, don haka ni nake auna shi, kuma duk abin da na auna sai na kai shi kan tabarma. Sai in bari ya kai loma baki in ce, "Jama'a ku taya ni addu'a, tef ɗina ya kusa kasa zagaye ubangidana." A kwashe da dariya. Shi kuma ya ce, "Bawa, in yunwa ta hana ka jiki ai ba laifina ba ne. Matso da miyar nan." Shekara da shekaru muna haka. Abin da ban lura da shi ba shi ne, bayan bikin 'yarsa da ya ga kansa a hotunan waya, dariyar tasa ta fara gajarta. Ya fara cewa in ƙara wa rigunansa faɗi. In an zo ɗaukar hoto sai ya koma bayan mutane.

Ana cikin haka wani Alhaji da nake wa ɗinki ya dawo daga Misra. Wannan shi kam ƙiba ta so ta kashe shi. Ga ciwon suga, ga hawan jini, a kujera yake salla, in ya shigo shagona sai ya daɗe yana haki kafin ya iya gaisawa. A can aka yi masa aiki, aka yanke mafi yawan tumbinsa, wato inda abinci yake sauka, ya zama kaɗan yake ci ya ƙoshi. Bayan wasu watanni ya kawo mini kayansa in rage, na ga mutum ya dawo kamar an sake shi. Har sujada ya yi a gabana don in gani. A ranar na kai labarin kan tabarma, na nuna taubashina da ɗan yatsa na ce ga wanda ya kamata ya bi sahu. Da wasa na faɗa. Shi kuwa ba da wasa ya ji ba.

Bayan kwana biyu ya ce in raka shi wurin wani likita a nan cikin gari. Likitan matashi ne, bai fi sa'an 'ya'yanmu ba. Ya ɗora shi a sikeli, ya auna tsawonsa, ya duba jininsa, sannan ya ajiye biro ya ce, "Baba, ba irinku ake yi wa wannan aikin ba. Ana yi wa wanda ƙiba ta jawo masa cuta, ya gwada duk hanyoyin da ake bi ya gaza. Kai 'yar teɓa ce da kai. Ka rage tuwon dare, ka bar lemon kwalba, ka riƙa takawa zuwa Ƙofar Ɗan Agundi da safe. Abin da aka yanke ba ya dawowa, Baba. Kai da shi ke nan har ƙarshen rayuwa."

Da muka shiga adaidaita na ga fuskarsa ta saki. Ya dafa gwiwata ya ce, "Ka ji ko, bawa? Lafiyata ƙalau." Da na ce masa alhamdu lillahi da maganar ta mutu a nan. Sai bakina ya ce, "Yaron nan bai iya ba ne kawai. Ni ma in aka kawo mini ɗinkin da ban iya ba, cewa nake yi bai dace da mai shi ba." Har direban sai da ya yi dariya. Taubashina bai yi ba. Ya juya yana kallon titi har muka sauka.

Da ya dage sai an yi masa aikin, ni na karɓo masa lambar mutumin da yake haɗa wa mutane tafiyar Misra. Da matarsa ta ji, sai ta tare ni a soro, tana daga bayan ƙofa. Ta ce, "Malam, don Allah ka bar mini mijina yadda na same shi. Ni ban kai ƙara wurin kowa ba." Na ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki, saurayi za a dawo miki da shi." Sai na ji takunta ta koma ciki. A can kuwa wani asibitin kuɗi ya karɓe shi, ba su tsaya dogon bincike ba.

Farkon dawowarsa kowa yabo yake, ni kuma ina ta ɗaga kai kamar ni na yi aikin. Teɓa ta tafi. Amma ramar ba ta tsaya inda muke so ba. Wanda ba shi da abin zubarwa da yawa, in aka ci gaba da ɗiba sai a taɓo naman jikinsa. Wuyansa ya zurma, hularsa ta fara yi masa yawa. In ya zauna ciyayya, loma biyu zai yi ya janye hannu, wani lokacin ya tashi da sauri ya zagaya bayan gida mu jiwo kakarin amai. Ga ƙwannafi, ga jiri. Mutane suka fara raɗa, wasu su ce ciwon daji ne, wasu su ambaci cutar da ba a son ambata. A kasuwa har akwai masu gaishe shi daga nesa. Sannu a hankali ya daina fitowa, tabarmar ma ta koma ƙofar wani gidan. Sau biyu ya kawo mini kayansa na rage. Na uku sai na gan shi a masallaci da rigar da wani telan ya rage masa, daga ganin ɗinkin na san ba hannuna ba ne.

Da azumi ya zo ya dage sai ya yi. Bai iya shan ruwa da yawa a lokaci ɗaya, sahur kuma ba ya shiga. Tun a farkon watan ya yanke jiki ya faɗi a shago. Wurin likitan nan matashi aka kai shi, wanda na ce bai iya ba. Bai yi wa kowa gori ba. Ya sa masa ruwa, ya ce jininsa ya yi ƙasa, ya rubuta masa ƙwayoyin da zai riƙa sha kullum, ya kuma ce azumin bana ba nasa ba ne. Mutumin da tun yana yaro bai taɓa shan azumi ba, ya zauna a ɗaki yana kurɓar kunu da rana, ƙofa a rufe don kada jikokinsa su gani.

Ranar cika-ciki, da watan Muharram ya kama, na sa aka dafa kaza na ɗauka da kaina na kai masa. A al'ada ranar ce kowa yake ci har ya kasa tashi, kuma lokacin ne taubasai suke tsokanar juna fiye da kullum. Na same shi a soro shi kaɗai. Na buɗe kwano, na nemi abin tsokana a bakina na rasa. Ya ɗauki 'yar tsoka ya daɗe yana taunawa, sannan ya jawo ruwan wanke hannu.

Ya ce, "Bawa, ba naman nake kewa ba. In ci in ƙoshi, in jingina da bango in yi hamdala, shi nake kewa. Yanzu ban san ƙoshi ba, sai dai ciwo ya ce mini in tsaya."

Na ce, "Ka yafe mini."

Ya ce, "Ni na kai kaina na kwanta, ba wanda ya ɗaure ni. Na yafe maka tuni." Sannan ya turo mini kwanon. "Ci mana, in matarka ta ga ya koma a cike ranta zai ɓaci, ta ɗauka ko kaɗan ban taɓa ba."

Haka na zauna na cinye kazar ni kaɗai yana kallona.

Yana nan da ransa, ya ɗan murmure, ya koma kasuwa, azumi ma yana gwadawa da shawarar likita. Muna gaisawa, muna zumunci, amma wasan ya mutu, kuma ni na kashe shi. Abin da na koya shi ne, aikin nan rahama ne ga wanda ƙiba ta danne har take neman ransa, na gani da idona. Amma mai 'yar teɓa da ƙafarsa take kai shi inda yake so, ba wuƙa yake bukata ba, kuma in likita ya ce masa a'a, to alheri ya yi masa. Ni kuwa har yau ina auna mutane a shago, amma abin da tef ya nuna mini ba ya wuce tsakanina da almakashi.