Zakaran Malam Ilu da Tulun da Na Riƙe Zuwa Tsaskiya

Da asuba muka tashi daga Katsina, ni da ƙanwata da direban da wurin aikinta ya ba ta, kuma har muka fita gari ban gama gane abin da za mu je yi ba. Ita likitar dabbobi ce, ni kuwa atamfa nake sayarwa a kasuwa. Mijinta ba ya gari, hanyar kuma ba wadda mace za ta bi ita kaɗai ba ce a wannan zamani, shi ya sa Hajiyarmu ta ce in rufe shago in raka ta. Aikin da aka ba ni ɗaya ne: in zauna a baya in matse wani tulun ƙarfe tsakanin gwiwoyina kada ya kife. Da na tambayi abin da ke ciki, yarinyar nan da na goya ta dube ni ba ko kunya ta ce maniyyin zakara ne daskararre. Na maida idona taga.

Damina ta yi kyau, gero ya yi tsawo hagu da dama, sai dai kwalta ta sha ruwa ta farfashe. Duk ramin da muka faɗa sai tulun ya huro wani farin hayaƙi mai sanyi, ni kuma in kama salati. A haka ta yi mini bayani. Bara annobar nan da ke murɗe wa kaji wuya ta share kajin wani ƙauye kusa da Tsaskiya ƙaƙaf, sai zakaran wani dattijo, Malam Ilu, shi kaɗai ya tsira. Ta je a lokacin, ta shafa bayan zakaran yadda suke yi, ta ɗebi irinsa ta zuba a wasu siraran bututu, ta tsoma a cikin ruwan da ya fi ƙanƙara sanyi. Wai irin bijimi yana jure wannan, amma na zakara raki gare shi, da an narkar da shi yawancinsa ya mutu, sauran kuma sun galabaita. Abin da ya ƙara rikita ni, maganin da ake sa wa don ya kare irin daga sanyi, idan ya shiga jikin kaza shi ne kuma yake hana ƙwai ɗauka. Na ce to magani ne ko cuta? Ta ce duka biyun. Yanzu ta samo wani sabon haɗi da take fatan zai fi, amma sai da sabon iri daga jikin zakaran za ta gwada shi.

Na ce mata, ni a iya sanina Allah Ya riga Ya tsara wa zakara da kaza hanyarsu ba tare da tulu ba. Ta ce gaskiya ne, shi ya sa za mu sayi kaji mu kai masa, amma zakara ba ya dawwama.

A Batsari muka karya da koko da ƙosai mai zafi, irin wanda ake zuba wa yaji har sai hanci ya amsa. Muka sayi kaji mata a bakin kasuwa. Kuɗin kaza ɗaya yanzu, da can ɗan akuya za ka saya har a ba ka canji. Aka sa su a kwando aka ajiye kusa da ni, na zama ga tulu a gaba ga kaji a gefe, ni da na fito da farar shadda.

Kan hanyar Safana masu tsaro suka tare mu. Ɗaya ya leƙo ya ga tulu yana hayaƙi, ya ja da baya, ya ce da ni, "Alhaji, mene ne wannan?" Wallahi bakina ya ƙi furtawa. Na ce, "Ranka ya daɗe, harkar kaji ce." Sai da ƙanwata ta fito ta yi masa irin bayanin da ta yi mini. Ya saurara har ƙarshe, ya dube ni da tausayi, ya ce Allah Ya ba da sa'a.

Daga Safana mota ta ce iyakarta ke nan, muka hau babura. Ɗan acaɓan da ya ɗauke ni ya nemi kuɗin mutum biyu, wai tulun ma fasinja ne. Hanyar laka ce da rairayi, muna ratsa garken shanu da gonakin gyaɗa, ana ɗaga mana hannu. Wasu gidajen an bar su, ciyawa ta cinye tsakar gida.

Malam Ilu ya tarbe mu tun daga bakin hanya. Dogo ne siriri, rigarsa ta sha wanki har ta gaji. Gaisuwa kuwa sai da ya tambayi Hajiya, da yara, da kasuwa, da ruwan Katsina, ya sake komowa kan Hajiya. Ƙanwata ta ƙagu ta ga zakara, shi kuwa ya ce baƙo ba ya aiki da yunwa. Aka shimfiɗa mana tabarma a ƙarƙashin darbejiya, aka kawo tuwon gero da miyar kuka, da wani kwano daban cike da nama, man shanu yana yawo a kai. Ba zan yi ƙarya ba, na ci. Naman yana da tauri irin na kajin gida, ga daɗi. Har wasu 'yan tsoka biyu farare masu laushi ya tsamo da hannunsa ya ajiye a gabana, ya ce rabon babba ne.

Ƙanwata ce ta fara tsayawa da ci. Ta dubi ƙafar da ke cikin kwano, ƙatuwa, ta dubi akurkin da ke jikin danga a buɗe. Ta ce a hankali, "Baba, ina zakaran?"

Ya yi murmushi ya nuna kwano. "Ga shi nan, ɗiyata. Da an ka ce kun taso ni sa an ka yanka."

Na janye hannuna daga kwano. Ta ce, "Baba, ai dominsa muka zo."

"Ke kin ka ce mani ko ya mutu irinai na nan cikin tulu, shekara da shekaru. To ga tulu kun zo da shi. Ni ko ba ni da wani abin yankawa gidan ga."

Ta tashi da sauri ta shiga wurin matarsa, wai ko kayan cikin suna nan, don in ba a daɗe da yanka ba ana iya samun iri a marainan zakaran. Ta fito tana kallona. Sai a sannan na gane ko mene ne 'yan tsokan nan biyu da na cinye a matsayin rabon babba. Ban san ko in yi dariya ko in nemi gafara ba, kuma ban san wa zan nema ba.

Ba ta yi faɗa ba. Ta zauna gefen tabarma ta faɗa masa gaskiyar da ba ta ƙarasa ba a zuwan farko: irin yana cikin tulu, amma tsohon haɗi ne, mai rauni, kuma ɗan kaɗan ya rage. Za ta sa wa kajin da muka kawo, amma ba ta da tabbacin ko ƙwai ɗaya zai ƙyanƙyashe. Dattijon ya sunkuyar da kai. Ashe mutanen ƙauyen duk zakaran nan suke jira, kowa ya sa rai zai samu ɗan tsako daga jinin da annoba ba ta kashe ba. Shi ya yi ta killace shi yana ba shi dawa daga bakin 'ya'yansa.

Can ya ɗago ya ce, "Da kin hwaɗa mani haka tun wancan zuwa." Sai ya ƙara da cewa, "Amma ko da kin hwaɗa, da mi zan tarbe ku?"

Sai bayan azahar aka yi aikin, don wai sai kaza ta sauke ƙwan cikinta hanya take buɗewa. Ni aka ba riƙon kajin. Ta ciro bututun da ɗan hantsaki, ta narkar, ta sa wa kowace da sirinji cikin gaggawa, don irin ba ya jiran kowa. Malam Ilu yana tsugune yana bismilla a kan kowace kaza. Na riƙe su da kyau kamar na san abin da nake yi, shaddata kuwa ta gama yawo.

'Yan acaɓa suka matsa mu tafi kafin rana ta yi sanyi. Har mun hau, sai ga matarsa da ƙullin leda, sauran naman ne, wai a kai wa Hajiya. Ƙanwata ta ce a bar wa yara, dattijon ya ɓata rai, dole muka karɓa. A Safana muka koma mota. Tulun ya yi sauƙi a ƙafata, na ji ƙanwata tana jan hanci a gaba, na yi kamar ban ji ba.

Mun iso gida ana kiran isha'i. Har yanzu in ka ce in maimaita maka yadda sanyi ke kashe iri, da yadda magani ke zama cuta, ba zan iya ba. Abin da na gane kaɗan ne. In za ka yi wa mutumin ƙauye albishir, faɗa masa har da ɓangaren da ba daɗi, don shi a kan maganarka zai ɗora abin da ya mallaka duka. Kajin suna can, sai sun yi ƙwai sun kwanta mako uku kafin a san ko zakaran ya bar baya. Hajiya ta ɗumama naman ta ci, ta ce rabonta da kaza mai daɗi haka tun tana yarinya, ta tambayi inda muka samo. Na dubi ƙanwata, na ce tsarabar Malam Ilu ce.