Gemun Virgil Tackett

Washegarin zaɓe Virgil Tackett ya shiga shagon Hubert mai aski yana huci. Ɗan takararsa ya sha ƙasa, dokar lafiyar da ya tsana kuma ta zauna daram. Hubert, wanda shi kaɗai ne ɗan ɗaya jam'iyyar a duk layin, ya karkaɗe kujera yana murmushin mugunta, ya tambaye shi ko a rage masa farashi tunda yana cikin makoki.

Nan Virgil ya rantse a gaban mutum shida cewa reza ba za ta sake taɓa fuskarsa ba sai ranar da aka soke dokar.

Ba mugun mutum ba ne Virgil, taurin kai ne da shi kamar jaki. Shekara arba'in yana gyaran taraktocin manoman wannan yanki na jihar Kentucky a Amurka, bai taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Abin da ke ci masa rai shi ne gwamnati ta tilasta wa baligi sayen inshora. Yau inshora, gobe su zaɓa maka launin wando, in ji shi.

Gemu kuwa ya samu sake. Ya wuce wuya, ya sauka ƙirji, ya riƙa shan miyar wake kafin mai shi. A coci yara suka sa masa suna Kakan Daji. Shi ko a jikinsa, har taje shi yake yi.

Matarsa Loretta ce kaɗai ba ta taɓa tsokanarsa ba, don ba ta ganin gemun. Yanar ido ta rufe mata gani, kamfanonin inshora kuma sun daɗe suna korarta saboda ciwon sukari. Ta ajiye ɗinkin barguna, ta daina tuƙi. Ta san dokar ta hana kamfanonin wannan kora, amma ta san mijinta.

Wata Lahadi bayan coci, tana tsaye a bakin ƙofa, Virgil ya zo ya kama hannunta. Sai ta janye, cikin ladabi ta ce, "Yi haƙuri bawan Allah, mijina nake jira."

Abin ya soke shi har zuci.

Ranar Litinin ya ja hula har ido, ya tafi ɗakin karatu na garin da ke gaba, inda ba a san shi ba, ya cike takardun inshorar. Matar da ke taimaka wa mutane ta sha huɗuba a kan 'yanci, amma dai ya sa hannu.

Da aka yi wa Loretta aikin ido aka cire mata bandeji, ta daɗe tana kallonsa. Ta tambayi nas ko wa ya shigo da bunsuru asibiti. Ta yi dariya, daga nan sai hawaye.

Washegari da safe Virgil ya zauna a kujerar Hubert. Hubert ya buɗe baki, don wata goma sha takwas yana tanadin wannan tsiya.

"Rufe bakinka, Hubert," in ji Virgil. "Dokar nan har gobe ba na son ta. Aske kawai. Shekara huɗu rabon Loretta da ganin fuskata."

Hubert ya haɗiye maganarsa, ya ɗauko almakashi.