Sunan da Malamar Ƙaura Ta Nema

Ana sallame asuba muka bar Zurmi, ni da matar maƙwabcina, a motar da buhunan gero suka fi mu samun wurin zama. Kuɗin mota ya ninka na bara. Na ce wa direba, ko ta sama za ka kai mu? Bai yi dariya ba, idonsa na kan daji. Dama da hagu dawa ta nuna har ta sunkuya, babu mai yanka. Da muka zo wata gada na ja mayafi na rufe fuska. Nan 'yan bindiga suka harbe ɗana na fari.

Ɗiyarsa ce ta kai ni Ƙaura. Tana zaune wurin gwaggonta, tana zuwa koyon rubutu, aka aiko cewa malamar za ta sallame ta, wai ba ta da kai. Jikata? Wadda ta haddace tatsuniyoyina kaf?

Ƙaura cike da keke napep, tashar jirgin ƙasa kuwa shiru. Furarsu ruwa-ruwa, ko kusa ba ta kai tamu ba.

Malamar 'yar bautar ƙasa ce daga kudu, mai fara'a, har ƙasa ta gaishe ni. Ta nuna mini takarda fara fes. Ashe cewa ta yi kowa ya rubuta labarin babansa, ya fara da sunansa. Jikata ta zauna har aka tashi.

Malamar ta ce, "Mama, ke faɗa mini sunan ɗan naki, in fara mata."

Ni ce ake cika tsakar gida don a saurare ni, amma ban da wannan. Tun da na haife shi sunan nan bai hau harshena ba, haka uwa take da ɗan fari. Ɗiya ma ba ta kiran sunan uba.

Na ce, "Malama, rubuta yaron nan kawai."

Ta yi dariya, ta zaci wasa nake. Wai jarrabawa ba ta san kunya ba. Ba mugunta ba ce, babu wanda ya taɓa gaya mata, ni kuma hawaye ya riga ni.

Na taho da jikata. A mota na ba ta labarin ubanta tun daga goyo har gadar nan, ban ambaci sunansa ba, kuma babu abin da ya ɓace mata. Abin da na gano, boko na son abin da muka tashi muna rufewa, ba ya tambayar dalili.

Yanzu tana tsakar gida tana daka. Fensirinta na cikin kwallata, kusa da hular ubanta.