Tirelar Jirgina Ta Ƙi Fita Daga Lungu

Jiya na daskare a lungun Dukawuya ina kallon sabuwar tirelata ta tokare bango hagu da dama.

Jirgin ruwa mai inji na saya don jigilar fasinja a dam ɗin Tiga, irin faffaɗan nan mai ciki biyu. Sati uku Malam Bukar mai walda ya yi yana ƙera tirelar da za a ɗora shi a kai a ja da mota, a ƙofar gidansa da ke cikin lungun, kowane ciki da mazauninsa.

Na ce, "Malam, ba ka auna lungun ba?"

Ya share gumi ya ce, "Alhaji, jirgi ka ce in auna."

Yau a kan idona ya yanka ta gida biyu.

Jama'a, tsakani da Allah, laifin waye a cikinmu?