Kulochin Baba Likita

Har gobe ban manta da safiyar da aka turo babur ɗin Baba Likita garejina ba. Ku da kuka shigo sana'ar nan jiya-jiya ku matso ku ji, don in na mutu da labarin nan a cikina, masu ɗaukar makara sai sun yi ƙorafin nauyi.

A lokacin na haura shekara goma da yaye daga wajen ogana, garejina yana bakin titi a Tudun Wada. Ni ne kuma mataimakin shugaban masu gyaran babur na wajen, muƙamin da duk aikinsa bai wuce raba faɗa da cin tuwon suna ba. Ina ji da kaina ƙwarai. Nakan ce in babur ya yi tari a Kafin Maiyaki, daga inda nake zaune zan faɗa maka notin da ya kwance.

Baba Likita sunansa Malam Inuwa, tsohon malamin dabbobi ne. Ya yi ritaya, amma shanu ba su samu labari ba. Kullum yana cikin rugage, daga Burumburum har gindin duwatsun Doguwa, da jakar allurai a baya. Babur ɗinsa wani tsohon ƙato ne da ya saya a gwanjo tun yana aiki. Nauyinsa ya kai na bajimin sa. In ya tashe shi a Burumburum, kajin Kiru sai su fasa yin ƙwai ranar.

Wata Laraba ce da damina. Su uku suka zo. Baba yana ɗingishi, an naɗe masa gwiwa. Taubashinsa Alhaji Sule mai injin niƙa shi ke turo babur yana haki. A bayansu kuma babban ɗan Baba ne, Kabiru, malamin makaranta a Kano, fuska a murtuke.

Bayan mun gaisa, Alhaji Sule ya jingine babur ya ce, "Ga jakin bawana nan na kawo maka. Shi da mai shi ban san wanda ya fi lalacewa ba."

Baba ya ce, "Rabu da shi, Ɗanlami. Garin masara ya toshe masa ƙwaƙwalwa tun zamanin da ake kashe sule."

Kabiru bai yi dariya ba. Shi ya ba ni labari. Ranar kasuwa Baba ya zo tsayawa wajen masu tumatir, ya matse kulochi, amma babur ya ci gaba da jan jiki. Ya taka birki, injin ya shaƙe ya yi tsalle, suka zube tare, babur a sama Baba a ƙasa. 'Ya'yan Baba sun zauna sun yanke shawara cewa hannunsa ne ya yi rauni, ba ya iya matse kulochi, lokacin zama a gida ya yi.

"Oga Ɗanlami," in ji Kabiru, "ranar Lahadi zan koma Kano. In ka nuna min abin da ya lalace, da dalilin lalacewarsa, ka kuma gyara, to. In tsufa ne, ko nasa ko na babur, da makulli zan tafi."

Na dubi Baba. Sai shafa tanki yake yi. Duk wanda ya san shi ya san in aka raba shi da rugage, an gama da shi.

Bari in yi wa waɗanda ba makanikai ba bayani. Aikin kulochi shi ne raba inji da taya. In ka matse hannun, farantan da ke cikin inji sai su saki juna, inji ya yi ta juyawa taya tana hutawa. In ba su saki sosai ba, shi ne muke cewa kulochi yana ja: giya ta yi tauri, ta shiga da ƙara, firi, wato inda babur ba ya cikin giya, ya ɓace, babur ya riƙa tafiya ba da izininka ba. A baburanmu na yau da kullum waya ce ke jan farantan. In ta saki sai a ɗaure.

Saboda haka na naɗe hannun riga na ce, "Waya ce. Kafin Alhaji ya gama haki na gama."

Na kai hannu inda waya take zama. Babu. Na laluba ƙasa, na laluba sama, na leƙa ƙarƙashin tanki kamar mai neman kuɗin cefane. Tiyo kawai na gani.

Alhaji Sule ya ce, "Ko a kunna maka fitila ne, injiniya?"

Ashe irin kulochin nan ne mai aiki da mai, kamar birkin mota. A jikin hannun akwai ɗan kofi mai murfi, da famfo a ƙarƙashinsa. In ka matse, famfon ya tura mai ta cikin tiyo zuwa wata ƙaramar silinda a jikin inji, ita kuma ta tura farantan su buɗe. Na taɓa gani sau ɗaya a wajen ogana, amma ranar na yi fuska kamar da shi aka yanke min cibiya.

Abin da na fara yi daidai ne. Na ɗaga babur a kan ƙafarsa ta tsakiya, na tashe shi, na matse kulochi da hannuna na sa giya ta ɗaya. Ya yi ƙara, tayar baya ta kama gudu. Na sa takalmi in tsayar da ita, ta kusa tafiya da shi Saminaka.

Na ce, "Malam Kabiru, ka ga wannan hannun? Da shi nake kwance noti in sifana ta ɓata. Ni ma bai ji maganata ba. Ba hannun Baba ba ne."

Ya ce, "To babur ɗin ne ya tsufa. Duk ɗaya ne."

Daga nan na tafka kuskure. Ƙa'idar aiki ita ce ka fara da abu mai sauƙi, daga hannu ka gangara zuwa inji. Ni kuwa na leƙa 'yar tagar da ke jikin kofin, na ga mai cike, ga sukurorin murfin sun ci, sai na ce nan lafiya lau. Na tafi ga abin da na saba. Na juye man inji, na buɗe gefe, na zaro farantan ɗaya bayan ɗaya. Na shimfiɗa su a kan gilashi don in ga ko sun lanƙwashe, suka kwanta lif. Na duba kwandon da suke zama ciki, babu zaizaya. Na auna sifirin, duk tsawonsu ɗaya. La'asar ta yi ina zaune a tsakiyar kayan ciki kamar mahauci, ban gano komai ba. Na mayar da komai na ce musu bincike ya yi nisa.

Ranar Alhamis na dawo kan hanya. Na ce wataƙila iska ce ta shiga tiyo, domin hannun laushi gare shi kamar kana matsa dafaffiyar kabewa. Kafin a fitar da iska dole a buɗe kofi. Na yi ta fama da sukurorin nan har hantsi. Alhaji Sule ya gaji ya tafi duba injinsa, Kabiru bai iso ba, daga ni sai Baba.

Da murfin ya tashi, robar da ke ƙarƙashinsa ta biyo shi a kumbure kamar fanke. Na tsoma yatsa na shinshina. Baƙin mai ne, irin na inji, yana yawo a kan ɗan sauran man birki. Nan na gane komai. Robobin famfon nan da na silinda don man birki kaɗai aka yi su. In baƙin mai ya taɓa su sai su kumbura su yi laushi, in ka matse mai ya zille ta gefe, farantan su buɗe rabi.

Na ce, "Baba, wa ya zuba mai a kofin nan?"

Ya sosa ƙeya. Can ya ce, "Sati uku da suka wuce Sule ya are shi zuwa ta'aziyya Bebeji."

Kun san al'adarmu. Ba a mayar da abin aro da ƙishirwa. Alhaji Sule ya wanke babur tas, ya cika tanki, ya shafa wa sarƙa mai. Shi kuma mutumin injin niƙa ne, a iliminsa duk ramin da ke jikin ƙarfe baƙin mai yake nema. Ya ga kofi ya yi ƙasa, ya cika shi, ya ɗaure sukurori da ƙarfin mai ɗaure dutsen niƙa. Da ya dawo da shi har ya yi alfahari cewa ya shayar da jaki ta ko'ina.

Baba ya kama hannuna ya ce, "Kada ka faɗa. Tun da na faɗi, kullum shi ke zuwa gasa min gwiwa. In ya san hannunsa ne, ba zai ƙara ɗaga kai a gidana ba. Kabiru kuma ba ya tauna magana. Ka ce tsufa ne."

Na ce, "Baba, in na ce tsufa ne makulli zai tafi Kano."

Ya ce, "Ya tafi. Babur ƙarfe ne. Sule kuwa nonon kaka ɗaya ya haɗa iyayenmu."

Mutumin da ya wuni yana kiran ɗan'uwansa mai kan masara, da aka zo kan laifin gaske sai ya yafa masa bargo. Ban yi alkawari ba, ban kuma ƙi ba.

Juma'a na shiga Kano, na zaga wajen masu sayar da kayan babur na hannu har takalmina ya nemi afuwa. Na samo famfo sukutum da robar silinda da tiyo. Asabar da safe na ɗaura, duk suna zaune a benci.

Fitar da iska aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana matsa hannun sau uku ya riƙe, ɗaya ya buɗe ɗan notin da ke jikin silinda, mai da kumfa su fito, ya rufe, sannan a saki. Haka za a yi ta yi har kumfa ta ƙare, ana ƙara mai a kofi kada ya ƙafe. Alhaji Sule ya ce shi zai matsa, don wai Baba ko lemo ba ya iya matsewa.

Na buɗe sabuwar kwalbar man birki na fara tsiyayawa. Alhaji ya tsaya yana kallo.

"Ɗanlami, wannan farin ruwan fa?"

"Abincinsa ke nan, Alhaji. Matsa, matsa, riƙe."

Ya matsa ya riƙe, amma bai ƙara tsokanar kowa ba. Kumfa ta yi ta fita, hannun ya fara tauri. Da muka gama na tashe shi, na sa giya, ta shiga shiru kamar ɓarawo a masallaci. Tayar baya ta ɗan motsa, na taɓa ta da yatsa ta tsaya. Firi ya samu da taɓawa ɗaya.

Kabiru ya ɗauki tsohuwar robar murfin yana juyawa. Ya ce, "Na ga ya gyaru. Amma me ya kumbura wannan?"

Baba ya yi caraf ya ce, "Tsufa ne."

Kabiru ya ce, "In tsufa ne, gobe wani abin zai kumbura a tsakiyar daji, Baba. Magana tana nan yadda muka yi." Ya juyo gare ni. "Oga, tsufa ne?"

Ni da bakina ba ya hutawa ko a barci, ranar sai na kau da kai. Na shiga goge sifanar da ba ta da datti.

Alhaji Sule ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa. Ya ce, "Kabiru, ba tsufa ba ne. Ni ne. Baƙin mai na zuba a kofin nan da hannuna. Ubanka ya sani, ƙarya yake yi maka don ya rufa min asiri. Ni na kayar da shi, ba hannunsa ba. In za ka karɓe wani abu, zo ka karɓe injina."

Idon Alhaji ya kawo ruwa. Baba ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Ka ji shi ko? Shekara sittin yana neman hanyar da zai gaje ni, ashe da man inji zai ɓullo. To ban mutu ba, bawa. Mayar da hularka, sanƙon yana kashe mana ido."

Alhaji ya yi wata dariya haɗe da share hanci. Kabiru ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Ya laluba aljihu ya fito da makullin babur na ajiya da ya riga ya ɗauke daga gida, ya durƙusa ya miƙa wa mahaifinsa. Ya ce sai gwiwa ta warke, kuma duk wata a kawo min babur in duba. Ya juya ga Alhaji Sule ya ce, "Kawu, ka ci gaba da ara. Amma don Allah ka riƙa dawo da shi da ƙishirwarsa."

Baba ya ƙara shekaru masu dama yana zaga rugagensa, har ya sauka don kansa.

Abin da na koya, ku riƙe. Ku fara daga hannu kafin ku fasa inji, kuma kada tagar kofi ta ruɗe ku, cika daban, abin da ya cika shi daban. Sannan in an kawo muku babur, kafin ku tambayi abin da ya lalace, ku tambayi wanda ya yi masa alheri na ƙarshe. A shekarun da na yi a sana'ar nan, baburan da mugunta ta lalata ba su cika hannu ɗaya ba. Sauran duk masoya ne suka taimaka musu. In kun gano mai laifin kuma, kada ku yi saurin buɗe baki. Mutanenmu in aka ba su ɗan lokaci, sukan faɗa da kansu.