Wa Ya Yanka Saniyar Gwangwani?

Shekarar da Inna ta tashi daga doguwar jinya, bakinta ya ƙi komai. Fura ta ce tsami, shinkafa ta ce ƙaiƙayi, nama kuwa haƙoran taunarsa sun daɗe da yi mata sallama. Likita ya ce magani ya gama nasa, saura abinci. Ni dai tsoro ya kama ni, don kullum zanenta ƙara yi mata yawa yake.

Ana haka yayana ya dawo daga haƙar zinariya a Jado, can cikin hamada. Zinariya dai ko ta kunnen jaririya bai kawo ba. Abin da ya sauke daga mota katan guda ne na naman gwangwani ɗan Libiya, sai baki cike da labari. Wai a can gwangwani ɗaya ke ƙosar da duk masu rami. Na ce to ga gida cike da bakuna, mu gani a ƙasa.

Ya ɗaura zanen matarsa a ƙugu, ya hura gawayi. Da ya kife gwangwanin, naman ya sulɓo dunƙule kamar sabulun wanki. Ni da matarsa muka riƙe ciki don dariya. Ya yanka shi siri-siri, ya soya da albasa har gefen ya yi ƙamas, ya fasa ƙwai, ya barbaɗa yaji, ya cusa cikin dogon burodi. Sannan ya ɗauko dutsen gugana na gawayi, wanda nake goge kayan salla da shi, ya danne burodin! Na yi ihu, amma ƙamshi ya riga ya cika gida.

Sai muryar Inna daga ɗaki: "Mi kuke toyawa haka?"

Tun da ta kwanta ba ta tambayi abinci ba. Na fizgi gutsure na jefa a kwano na ruga, takalmi ɗaya a ƙafa. Ta shinshina, ta kalle ni.

"Wa ya yanka?"

Inna ba ta taɓa cin naman da ba ta san mahaucinsa ba, har ubansa. Yayana ya leƙo ya ce, "Can Libiya ne, Inna."

"Ɗan gidan wa?"

Dariya ta kusa kayar da shi, ni kuwa na ga ta fara ture kwanon. Na koma na tsinto gwangwanin a gindin murhu, in nuna mata hoton saniya. Ba ta ko kalli saniyar ba. Rubutun Larabci ta hango a jikinsa. Ta goge hannu, ta karɓa da hannu biyu.

"Wanga kuka yasar cikin toka? Ba ku da tsoron Allah!"

Sai da na wanke shi na ɗora can saman kabad, inda ƙafa ba ta kaiwa. Ta ce masu irin wannan rubutu ba sa yanka ba bisimilla. Babu wanda ya yi gigin faɗa mata rabin rubutun yawan gishiri yake bayani.

Ta gatsa da dasashi. Muka zuba mata ido, har yayana da zanensa. Ta tauna a hankali, mai yana bin haɓarta, ta cinye tas, ta lashe yatsa. Hawaye suka zubo mini ina dariya.

Ta miƙo mini kwanon. "Ke, tsayuwar mi kike? Ina sauran?"